Dan Allah mene ne aikin omega-3 a jiki, kuma awara za ta iya tsayawa a madadin kifi ga mai ciki?

Abban Humaira:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilimin harkar lafiya a cikinmu ina neman ƙarin haske. Mai ɗakina tana da juna biyu, cikin ya shiga wata na shida, da ta je awo sai nas ɗin ta ce mata ta dinga cin kifi ko da sau biyu ne a sati saboda wani abu wai shi DHA da yake gina ƙwaƙwalwar yaro, to matsalar ita ce tun da ta samu cikin nan ko ƙarnin kifi ba ta son ji, in ana suya a maƙota ma sai ta tashi ta rufe taga, in ta daure ta ci kuwa sai amai. Abin da take iya ci sosai awara ce, kullum da yamma sai an siyo mata ko ta yi da kanta.

Na shiga wani kemis sai yaron shagon ya miƙo min wata roba an rubuta Omega 3-6-9, ya ce wannan ta fi tunda uku ne a haɗe. Wani abokina kuma da muke tare a Kantin Kwari ya ce kar in ɓata kuɗina, man habbatussauda da man zaitun duk omega ne a ciki. Ni kuma na taɓa gani a wani wuri cewa waken suya ma yana da omega-3, to in haka ne awarar da take ci ba ta wadatar ba kenan? Sai na biyu, Babanmu yana da hawan jini, kwanaki likita ya ce kitsen jininsa ya hau, yana kuma shan ƙaramin asfirin kullum, ƙanina ya dage sai an siyo masa kafson man kifi. Ni abin da ya ɗaure min kai, ai mai ne, ta yaya za a ce mai zai rage kitse? In ya shiga ciki ina yake zuwa, me yake yi? Wanda ya sani ya taimaka dan Allah.

Ummu Sadiq:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya sauke ta lafiya. Ni ma haka na yi fama a cikin Sadiq, wlh ko wucewa ta wajen masu kifi ba na iyawa. Abin da ya taimake ni, a wanke kifin da lemon tsami da gishiri, a cire baƙin nan na cikin cikinsa tas, a sa citta da tafarnuwa da ɗan kanumfari, kuma ba ita za ta tsaya a kan girkin ba, wani ya dafa a kawo mata bayan ya huce domin tururin ne yake tayar da zuciya. In ya ƙi, a gwada banda a marmasa a miyar kuka ko ta kuɓewa, ba za ta ma gane ba sosai.

Nura Ɗorayi:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗan yi dogon bayani ka yi haƙuri, wannan fannin na karanta a BUK kuma ina jin takaici yadda ake sayar wa mutane kalmar omega kamar duk abu ɗaya ne.

Da farko omega-3 ba abu guda ba ne, dangi ne, kuma uku ne muka fi damuwa da su. Akwai ALA wanda yake cikin tsirrai, ƙirarsa kamar sarƙa ce mai ƙwayoyin sinadarin kabon 18 a jere. Akwai EPA mai kabon 20, sai DHA mai kabon 22, waɗannan biyun a kifi ake samunsu, shi ma kifin ba shi yake ƙera mafi yawansu ba, daga ƙananan gansakukan teku yake tarawa. Lambar 3 ɗin nan tana nuna inda lanƙwasa ta farko take ne a jikin sarƙar in ka ƙirgo daga wutsiya, to jikin ɗan Adam ba shi da kayan aikin da zai saka lanƙwasa a wuri na 3 ko na 6, shi ya sa dole sai dai a ci. An gano haka tun 1929 zuwa 1930, George Burr da matarsa Mildred a jami'ar Minnesota ta Amurka suka hana ɓeraye mai kwata-kwata, sai fatarsu ta fara saɓa, girma ya tsaya, da aka ba su ɗan mai irin wannan suka farfaɗo. Omega-9 kuwa, wanda ya cika man zaitun da man gyaɗa, jiki da kansa yake yin abinsa. Omega-6 kuma mu a Kano ba ma rashinsa ko kaɗan, yana cikin man gyaɗa, riɗi, agushi, ƙuli-ƙuli, masara, duk abin da muke ci dare da rana. To ka ga robar 3-6-9 kashi biyu cikin uku na cikinta abin da yake kicin ɗinka ne za ka sake siya da tsada. Man habbatussauda yana da nasa matsayin da muka sani ba na taɓa wannan, amma ta fuskar irin man da yake ciki fiye da rabi omega-6 ne, DHA babu shi a ciki.

Yanzu hanyar da yake bi. In an ci, a ƙaramin hanji ruwan matsarmama yake farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, sai wani sinadarin narkarwa daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya yayyanka shi, bangon hanji ya tsotse ya sake ƙunshe shi cikin wasu 'yan ƙullaye, su bi ta magudanar ruwan jiki kafin su faɗa cikin jini. Shi ya sa in an sha kafso da yunwa ba ya shiga yadda ya kamata, sai da abinci mai ɗan maiƙo matsarmama take sakin ruwanta sosai. Daga jini kuma hanya ta rabu, wani a ƙona shi a samu ƙarfi kamar kowane mai, wani a ajiye a kitse, wani kuma, wanda shi ne muhimmin, a saka shi cikin fatar da take lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jiki.

A nan DHA ya yi fice. Lanƙwasa shida gare shi, don haka ba ya daskarewa ba ya sanƙarewa, duk fatar da ya shiga sai ta yi laushi abubuwan da ke cikinta su samu damar motsi da sauri. Wuraren da suka fi buƙatar saurin nan su ne ƙwaƙwalwa da tantanin bayan ido mai karɓar haske, a can cikin ƙwayoyin da suke kama hasken kusan rabin man da ke fatarsu DHA ne. Yaro kuma a watanni ukun ƙarshe na ciki ya fi tara shi, ya ci gaba har zuwa shekara biyu, mabiyiya tana zaƙulo shi daga jinin uwa ta fifita shi a kan sauran mai ta tura wa ɗan, bayan haihuwa kuma nono ya ci gaba da kai masa. Wato madam ɗinka yanzu take shiga lokacin, nas ɗin ba ta yi kuskure ba.

To maganar awara. Gaskiya ne waken suya yana da ALA, kusan kashi 7 cikin 100 na mansa, kuma hanta tana iya mayar da ALA ya zama EPA sannan DHA, ta ƙara masa tsawo ta ƙara lanƙwasa, mataki bayan mataki, na ƙarshen ma sai an wuce tsawon da ake so zuwa kabon 24 sannan a datse biyu a dawo 22. Amma matakin farko akwai cunkoso. Sinadarin da yake wannan aikin guda ɗaya ne, ana ce masa delta-6, kuma shi ne dai omega-6 yake bi. Kamar injin markaɗe ɗaya ne a unguwa, masu omega-6 sun cika layi da bokitai, mai ALA ya zo da ɗan kofi, zai samu shiga amma kaɗan zai fito da shi. Shi kansa man waken suyan fiye da rabinsa omega-6 ne, sannan a soya awarar cikin man gyaɗa a ƙara wa layin tsawo. Mafi yawan ALA ɗin da aka ci ƙona shi jiki yake yi kawai. A wani bincike da aka yi a jami'ar Southampton ta Ingila a 2002, samari sun mayar da kusan kashi 8 cikin 100 zuwa EPA, DHA kuwa kusan babu, 'yan mata sun fi su nesa, kusan kashi 21 zuwa EPA da kashi 9 zuwa DHA, ana danganta hakan da sinadarin mata na istirojin. Wasu binciken ma sun samu ƙasa da kashi 1 na DHA. Don haka ta ci gaba da cin awararta, abinci ne mai kyau mai gina jiki, amma ni a nawa ganin ba za a jingina buƙatar DHA ta mai ciki wata shida a kanta ita kaɗai ba.

Ɗaya aikin kuma shi ne na saƙo. In an ji ciwo ko ƙwayar cuta ta shigo, jiki yana fizgo mai daga fatar ƙwayoyin nan ya ƙera wasu sinadarai masu gajeren rai, su furostagilandin da danginsu, su ne suke kawo zafi da kumburi da zazzaɓi da haɗuwar jini ya toshe rauni. Wanda ake yi daga jikan omega-6, wato arakidonik, ya fi kaifi, wanda ake yi daga EPA ya fi sanyi, sannan daga EPA da DHA ake samun wasu da suke kashe kumburin in ya gama aikinsa. Kar a ɗauka omega-6 mugu ne fa, ba don shi ba jini ba zai tsaya ba in ka yanke, ciwo ba zai warke ba, kawai dai ana so ɗayan ma ya kasance a wurin.

Baffa Kurna:

Malam Nura Allah ya ƙara ilimi, na karanta tsaf. Amma ina da tambaya tsakani da Allah. Mu Hausawa ba mutanen bakin teku ba ne, kakanninmu ba su san titus ba ba su san kafso ba, tuwo ne da miyar kuka da fura, kuma a cikinsu aka samu mahaddata da malaman da har yau ake karanta littattafansu. In da abin ya kai yadda ake faɗa ai da mun ga illar. Ni ina tsoron kar ya zama kasuwa ce kawai ake buɗe wa kamfanonin waje, talaka yana fama da kuɗin masara a ɗora masa wani nauyin.

Nura Ɗorayi:

Baffa tambayarka a kan hanya take wallahi, kuma rabinta ina tare da kai. Jiki yana da rowar DHA, in ya samu ba ya saurin zubarwa, kuma ɗan abin da hanta take ƙerawa yana hana a shiga rashi mai tsanani, shi ya sa waɗanda ba sa cin nama da kifi sam ba a ganinsu da wata cuta a fili duk da cewa na jininsu ya yi ƙasa. Har ila yau an gano yawancin 'yan Afirka suna ɗauke da irin ƙwayar gadon da ta fi iya wannan juyin. Sannan kakannin namu ba haka kawai suka zauna ba, akwai kifin kogi da na tafki da banda da ake kawowa daga yankin tafkin Chadi, akwai ƙwan kajin gida da na zabi masu kiwo a sake, akwai ganye kala-kala, zogale, rama, yakuwa, lalo, ɗan man da ke cikin ganye ALA ne mafi yawa, ga ƙwaƙwalwar rago da ake ci a langaɓu ita kanta cike take da DHA, ga shayarwa ta kusan shekara biyu. Kuma ba su yi wanka da man suya irin yadda muke yi yanzu ba. Inda nake cewa a kula shi ne mai ciki da mai shayarwa, domin ita daga ajiyar jikinta ake ɗiba, in haihuwa ta zo kusa-kusa ajiyar ba ta gama dawowa ba a sake ɗiba. Maganar kasuwa kuwa akwai ta, lafiyayyen mutum mai cin kifi ba shi da buƙatar kafso.

Sista Hauwa:

Salam. Ni ungozoma ce, bari in ƙara a kan na Malam Nura ta ɓangarenmu. Abban Humaira abin da ake so mai ciki ta samu aƙalla miligiram 200 na DHA a rana in an raba, kifi mai maiƙo sau biyu a sati yana biyan wannan cikin sauƙi. In ta gwada dabarun Ummu Sadiq ya ƙi, to ku koma wajen awon ku faɗa musu a fili ba ta iya ci, su rubuta mata kafson da ya dace, akwai ma wanda ake yi daga gansakukan kai tsaye ba daga kifi ba, ƙarninsa bai kai ba, sai dai ba ko'ina ake samu ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka siyo mata man hantar kifi, wanda ake ce wa kod liba, irin wanda iyayenmu suke ba yara a cokali. Daga hanta ake tatsarsa don haka yana da bitamin A mai yawa, shi kuma in ya yi yawa a jikin mai ciki yana iya cutar da halittar yaro. Mutane da yawa suna haɗa su wai duk man kifi ne, ba ɗaya ba ne.

Sannan kar a sa rai da abin da ba a tabbatar ba. Ana tallata shi wai yaro zai fito da kaifin basira, to an yi babban gwaji a Ostareliya da aka fitar a 2010, mata sama da 2,000, rabi aka ba su miligiram 800 na DHA kullum, da aka auna yaran a wata 18 ba a ga bambancin fahimta tsakaninsu da sauran ba. Inda aka fi ganin amfani shi ne haihuwar bakwaini. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 70 ya nuna raguwar haihuwa kafin sati 37 da kusan kashi 11 cikin 100, kafin sati 34 kuma da kusan kashi 42. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin uwa zaune a bakin kwalbar jarirai tana tatsar nono a ɗan kofi ana ɗura wa ɗanta ta hanci. Kuma ya yi daidai da bayanin Malam Nura, domin furostagilandin ɗin nan da ya ambata suna cikin abin da yake nunar da bakin mahaifa ya tayar da naƙuda.

Ta sha shi a tsakiyar cin abinci ba da safe da yunwa ba, zai rage gyatsar ƙarnin. Kuma dan Allah kar omega ya sa a manta da maganin ƙarin jini da folik asid da maganin kariya daga maleriya da ake ba su a awo, a nan garin ƙarancin jini ya fi kai mana mata ƙasa. In kuɗin abu ɗaya gare ka, waɗancan ne gaba.

Sani Mai Kifi:

Ni ba dan boko bane amma sana'ata ce, a Galadima nake daukan kaya. Alhaji in zaka siya ka nemi titus ko shawa ko kote, sune masu mai a jiki, in ka gasa zakaga man yana diga da kansa. Panla bashi da mai sosai, fari ne kawai. Shawa yafi araha sai dai kaya, ga mai ciki a dafa shi ya dahu sosai a bare a cire kayar a zuba a miya. Ka duba idonsa da kasan kunnen, in cikin ya fashe ko jikin yayi rawaya-rawaya ta wajen ciki to ya narke an sake daskarar dashi, wannan shine mai karnin dake tada zuciya, sabo bai kai haka ba. Tarwada da karfasa na dam ma suna da dadi amma naji masana sunce basu kai na teku ba.

Nura Ɗorayi:

Haka ne Malam Sani. Titus da shawa da sardin na gwangwani kowanne yana ba da wajen giram 1 ko fiye na EPA da DHA a giram 100, karfasa kuwa ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, tarwadar kiwo kuma ya danganta da abincin da aka ba ta. Rawayar da ka ce ma man ne ya fara lalacewa, lanƙwasar nan da ta ba shi amfani ita ce take sa iska da zafi suke saurin ɓata shi. Don haka dafawa ko gashi ya fi a tsoma shi a kaskon man da aka yi ta maimaita suya da shi, nasa ya fita na kaskon ya shiga. Waɗannan ƙananan kifayen kuma ba su da matsalar sinadarin makuri mai guba irin ta manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu.

Famasis Aminu:

Na ga ba a taɓa maganar Baba sosai ba. Yallaɓai da farko ka duba takardar gwajin, kitsen jini kala-kala ne, akwai kolestarol akwai tiraigilisarayid. Man kifi na biyun yake saukarwa, kolestarol mara kyau ba ya sauke shi, wani lokacin ma DHA yana ɗan ɗaga shi. Yadda mai yake rage kitse kuwa, ba wai yana wanke jijiya ba ne kamar yadda masu talla suke faɗa, EPA da DHA suna shiga hanta ne su rage mata yawan kitsen da take ƙerawa tana turawa cikin jini, su kuma ƙara yawan wanda ake ƙonawa. Kafso ɗaya mai giram 1 kalori 9 ne kacal, ba zai sa ƙiba ba. Amma kafin a ga saukar kirki, kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sai an sha giram 2 zuwa 4 na EPA da DHA a rana. To juya bayan robar ka karanta, yawancin na kanti an rubuta 1000mg da manyan baƙi a gaba, a baya kuma za ka ga EPA 180 DHA 120, wato 300 ne kawai na gaske, sai ya haɗiye wajen goma kullum kafin ya kai. Wannan ya zama magani kenan, sai da likita.

Labarin kare zuciya kuma ya samo asali ne daga wasu likitocin Denmak biyu, Bang da Dyerberg, da suka je Girinlan a shekarun 1970 suka ga mutanen can masu rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku jininsu ba ya saurin daskarewa. Da aka zo manyan gwaje-gwaje sai sakamakon ya rabu. A gwajin da ake kira VITAL a 2018, mutum sama da 25,000 masu shan giram 1 a rana, ba a ga raguwa ta a zo a gani ba a jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A gwajin REDUCE-IT a shekarar dai, tsantsar EPA giram 4 ga masu haɗari da suke kan maganin kolestarol, an ga raguwar kashi 25 cikin 100, amma har yau ana muhawara a kan man da aka ba rukunin da ba su sha EPA ba don kwatantawa. Gwajin STRENGTH a 2020 da ya haɗa EPA da DHA dakatar da shi aka yi don ba a ga amfani ba. Kuma a masu shan man kifi mai yawa an ga ƙaruwar wata matsala ta bugawar zuciya ba bisa tsari ba, wadda ita kanta tana iya jawo shanyewar jiki, ga dattijo mai hawan jini wannan abin dubawa ne.

Sai asfirin. Aikinsa shi ne toshe sinadarin da yake ƙera abin da ke sa ƙwayoyin jini su manne, John Vane ne ya gano haka a 1971 har ya samu kyautar Nobel a 1982. EPA ma ta wannan ƙofar yake bi ya rage mannewar, don haka in an haɗa biyun da yawa, ko in Baba yana shan wani maganin tsinka jini kamar wafarin, dole likitansa ya sani. Ku je da robar hannu a ranar ganin likita ku nuna masa kafin a fara. In da mahaifina ne, in dai tiraigilisarayid ɗin bai yi mugun hawa ba, zan fara da rage masa lemon kwalba da sukarin shayi da yawan farar shinkafa, domin su hanta take juyawa zuwa wannan kitsen, a auna masa suga, a sa masa kifi a abinci.

Duk wanda zai siya kuma ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, kar ya ɗauki wadda ta sha rana a kanta ko a bayan mota, zafin Kano na watan huɗu ba ya barin irin wannan man. Ka fasa ƙwaya ɗaya ka shinshina, in ka ji wari mai hawa kai ko maƙaƙi a maƙogwaro to ya lalace, a zubar.

Abban Humaira:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya biya muku buƙatunku. Na duba takardar Baba, tiraigilisarayid ɗin ne aka ja wa layi, na kuma tura wa ƙanin nawa bayanin Famasis ya karanta da kansa, mun tsaya a kan sai ranar asibiti. Madam kuma ta ce za ta gwada shawa a miya in ƙanwarta ce za ta dafa a can gidansu a kawo. Sista tambaya ɗaya ta rage, sardin na gwangwani ya halatta ga mai ciki? Domin shi ta ce tana jin za ta iya ci da burodi.

Sista Hauwa:

Sosai ma, dafaffe ne tun daga kamfani kuma DHA ɗinsa yana nan, ƙashinsa mai laushin nan ma ta cinye yana da kalsiyam. Ta tsiyaye man gwangwanin in ya yi mata yawa, ta matsa lemon tsami ta yanka albasa. A duba kar gwangwanin ya kumbura ko ya yi tsatsa, in an buɗe a cinye a ranar ko a juye a wani mazubi a sa a firij. Gishirinsa kawai za a lura da shi, in an taɓa ce mata jininta yana hawa a wajen awo ko ƙafarta tana kumbura sosai to ta faɗa musu tukunna.